Amsa ga mushen EPS (wasanni da motsa jiki) da yara ke guje ma darasinshi

Salamu alaikum ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban samu zama ba sai yau da dare. Ka ce bana aka turo ka wani CEG nan cikin Tawa, kilas ɗinka na siziyam yara 84 ne, balo guda gare ku a lakkwal ɗin gaba ɗaya kuma shi ma iska na fita, maza ba su son komi sai a raba su a buga balo, 'yan mata kuwa kullum "mushe ba ni lafiya", kafin rabin awa rabin kilas na ƙarƙashin bedi suna hira, wasu ma sun haura katanga. Kana tambaya yaya za ka yi su so darasin. To ni na fi shekara ashirin da usur a wuya tun fitowata daga INJS, makarantar horar da malaman wasanni ta Yamai, kuma duk abin da ka lissafa na gan shi, wani ma ni na jawo shi da hannuna.

Kafin komi ga wani aiki da nike so ka yi ran darasi mai zuwa, ba ya cin ko dala. Ka zaɓi yaro guda a ranka, ba gwanin kilas ba, ba kuma mai ƙiriniya ba, irin yaron nan da ko sunanshi ba ka riƙe ba, ka sa mishi ido da agogo daga farkon darasi har ƙarshe, ka kirga minti nawa jikinshi ya motsa da gaske. Ranar da wani tsohon mushe ya sa ni na yi hakanga kunya ta kama ni. Tsalle mai tsawo muke ranan, rami guda, layi guda. Yi lissafin da naka kilas ɗin: yara 84, kowane ya ɗauko gudu ya yi tsalle ka auna ka rubuta a gyara rairayi, ka ce sakan 30, minti 42 ke nan kafin kowa ya yi tsalle sau ɗaya tak. Wato yaro ya tsaya cikin rana minti 42 don ya yi motsin da bai kai sakan goma ba, kuma wannan sakan goman ma idon mutum 83 na kanshi suna jiran ya faɗi su yi dariya. Tsakani da Allah in kai ne za ka tsaya? Ni ma bedi zan nufa. Yaran nan da kake gani ba wasa suke ƙi ba, duba su lokacin rekire ko bayan la'asar a unguwa, sai an bi su da bulala suke shiga gida. Layi suke ƙi, da rana, da kunya.

Balon da maza ke nema ma haka yake. Sha ɗaya da sha ɗaya, mutum 22 ke nan, saura 62 'yan kallo. Cikin 22 ɗin ma biyar ko shida ne ke taɓa balo, irin waɗanda ke bugawa a unguwa kullum, sauran suna bin ƙura kawai. Sai ka koma gida kana jin ka yi darasi mai daɗi don an yi ta ihu, alhali yaran da sunka fi buƙatar motsin ko gumi ba su yi ba.

Abin da ya fisshe ni shi ne na daina ganin kilas a matsayin taro guda. 84 ɗin nan naka, raba su shida, sha huɗu sha huɗu, kuma rabon ya zama na dindindin har ƙarshen tirimes, kowane gungu da sunanshi da shugabanshi da mai riƙe kaye. Wannan kaɗai ya kashe maka kiran suna, don kiran sunan yara 84 ɗaya bayan ɗaya minti goma ne ka zubar, yanzu shugaban gungu ne zai ce maka mutum biyu ba su zo ba ga sunansu, shi ke nan. Fili kuma ka yanka shi wuri shida, ka ja layi da toka, tokar murhu ta fi alli fitowa a ƙasarmu kuma kyauta ce. Wuri na farko balo bakwai da bakwai a ɗan ƙaramin fili, na biyu tsallen igiya, na uku gudun ba da sanda, na huɗu jifa, na biyar langa, na shida tsalle. Minti shida ka busa usur kowa ya matsa gaba, minti 36 kowa ya zagaya duka, ga sauran lokaci na ɗumama jiki da shan ruwa. Satin farko hargitsi za a yi, kar ka karaya, za ka ji kamar kasuwa, diraktan ma zai leƙo ya ga ko faɗa ake. Sati na uku su da kansu za su ɗauko kaya su ja layi kafin ka iso. Kai kuma tsaya inda kake hangen duka, ka fi kusa da wurin jifa don nan ne haɗari yake, kowa ya jefa gefe guda kuma ba mai zuwa ɗauko dutse sai ka ce.

Rabon gungun kai za ka yi shi a gida da biro, kar ka yarda da abin nan na tsayar da gwanaye biyu su dinga zaɓa, "na ɗauki wane, na ɗauki wane". Wanga abu na yi shi shekaru ban san ɓarnar da yake ba. Akwai wani yaro mai jiki da na taɓa koyarwa a sankiyam, kullum shi ke saura, kaftin biyu na musu kowa na cewa ɗayan ya ɗauke shi, yaron na tsaye yana tonon ƙasa da babban yatsan ƙafa. Wata rana ma ni da bakina na yi mishi barkwanci kan gudunshi kilas ta fashe da dariya. Daga ranan bai sake zuwa ba sai da takardar likita, kuma na san lafiyarshi lau. Har yau in na tuna ba na jin daɗi. Da na ba shi dutsen jifa mai yiwuwa shi zai fi kowa a kilas ɗin, don irin jikinsu ne na jifa, amma ni a lokacin gudu da balo kawai na ɗauka wasa.

Maganar kayan aiki kuwa, na san za ka ce ba ka da su, kowa ba ya da su. Balo: tsumma da leda a ɗaure da roba, yaran sun fi ka iya haɗa shi, ka ce kowane gungu ya kawo biyu ka gani. Sandar gudu, kotar tsintsiya ko kara mai kauri. Alamar fili, gwangwanin tumatir ko bidon da ya fashe a cika da rairayi. Dutsen jifa, ka samo duwatsu masu kan gado, abin da Adar ba ta rasa ba ke nan, ka kai wurin mai sikeli a kasuwa ya auna maka na kilo 3 da na kilo 4 ka rubuta a jiki da fenti. Tsalle sama kuma kar ka sa sanda ko igiya mai tauri, ka yanko roba daga tsohon tub na babur ka ƙulla, don yaro da ya san in ya taɓa ba zai ji ciwo ba sai ya saki jiki ya yi tsallen, tsoron sandar ne ke sa da yawa su taho da gudu su ja birki. In kwamitin iyaye sun yarda su fidda 'yan jikkuna, ni dai shawarata kar a sayi balon fata guda mai tsada, ƙaya za ta huda shi cikin sati, gara na roba huɗu ko biyar.

Sai abin da ya fi min daɗi a aikin, wasanninmu na gida. An koyar da mu da littattafan Faransa, jimnastik da su hanbal da baske, ba laifi, amma yaro ɗan Tawa da ya taso yana jin sunan 'yan kokowa a rediyo ai ba sai ka yi mishi dogon bayani ba. A nan Tawa aka fara kokowar ƙasa ta neman takobi a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kuma har yau in lokacin ya zo gari kowa na jikin tele, yara na kwaikwayon Isaka Isaka na Doso a bakin titi. To me zai hana ka shigo da ita darasi? Amma da doka: kan rairayi mai laushi da aka tsince duwatsu, tsara da tsara a girman jiki ba a shekaru ba, ba ɗagawa sama, ba riƙon wuya, gwiwa ta taɓa ƙasa an gama, minti ɗaya a canza. Ga ƙananan ma ba sai an kada ba, ka zana da'ira a ture juna waje. Langa kuwa ban san wasan da ya kai ta aiki ba, ƙafa guda a riƙe, ɗaya na tsalle, akwai ƙarfin ƙafa akwai daidaita jiki akwai dabara don dole gungu su shirya yadda za su kare ruwansu, wato ɗan wasan da suke rakiya, ya kai gida, ba ta son balo ba ta son takalmi, minti biyar yaro ya jiƙe sharkaf yana dariya. Ka dai tuna musu su canza ƙafa. Farkon da na kawo ta wani abokin aiki ya ce min wannan ai wasan dandali ne ba darasi ba, na ce mishi ya riƙe ƙafa ya kai bakin katanga ya dawo mu gani. Bai kai ba.

Kuma ka dinga ba su labari, yara na son su ji cewa namu ma sun yi. Isaka Dabore ya samo ma Nijar lambar tagulla a dambe a wasannin Olimpik na Munik a 1972, sai da aka yi shekara 44 kafin Abdul Razak Alfaga ya samo ta azurfa a taekwondo a Riyo a 2016, shekarar da ta biyo ya zama zakaran duniya. Mena, ƙungiyar balo ta ƙasarmu, ta je kofin Afirka a 2012 da 2013. Minti biyu ne lokacin da suke hutawa a inuwa, amma za ka ga ido ya buɗe.

Yanzu 'yan mata, nan zan daɗe kaɗan don nan ne yawancinmu maza muke kuskure. In yarinya ta ce "mushe ba ni lafiya" ba ƙarya take ba ko da lafiyarta lau, akwai abin da ba za ta iya faɗa maka ba ne. Wata al'ada take kuma lakkwal ba makewayi mai ƙofa balle ruwa. Wata ba ta da wandon wasa, zane gare ta, tana tsoron ya kwance gaban maza. Wata jikinta ya fara canzawa in ta yi gudu samari na kallo suna raɗa, ga 'yan kabu-kabu sun jingina da katanga suna kallo su ma. Wata kuma a gida aka ce mata kar a sake a ji ta yi tsalle-tsalle gaban maza. Wata tun asuba ta yi ɗibar ruwa ta yi shara ta yi wanke-wanke, ta riga ta yi nata EPS ɗin kafin ta zo. Duk wannan ba da tsawa ake gyara shi ba, kuma kai namiji ba kai za ka tsare ta da tambaya ba, ka nemi wata madam cikin malamai ko uwayen nan na ƙungiyar uwaye mata ta lakkwal su zauna da su, abin da za su gaya ma madam cikin minti goma kai ko shekara ka yi ba za ka ji shi ba.

Abin da ke hannunka: gungun mata daban, a ɓangaren filin da ya fi nisa da hanya, maza kuma su kasance cikin nasu aikin don wanda ke haki ba ya da lokacin kallo. Tufafi kar ka takura, dogon wando mai faɗi, riga mai sauka har gwiwa, ƙaramin hijabi da ba ya jan ƙasa kuma ba allura a jiki, ya isa. Ai ko masu dokar balo na duniya sun halatta wasa da lulluɓin kai tun 2014, to wane ne mushen CEG da zai hana? Wadda ke al'ada motsi mara tsanani ba ya cutar da ita, wasu ma yana rage musu ciwon mara, amma kar ka tilasta, ka ba ta agogo ko kaye ko ta yi alƙalanci, ta dai kasance cikin darasi ba ƙarƙashin bedi ba. Ni dokata ke nan ga kowa mace da namiji, ba ka iya gudu yau ba komi, amma ga aiki. Sannan ka fara musu da abin da sunka sani, tsallen igiya, 'yar gala-gala, gaɗa da tafi, daga nan ka zarce da su hanbal da boli. Akwai shekarar da na bar wasu 'yan katiriyam su ja ɗumama jiki da waƙar gaɗa, ni ina gefe kamar ba ni nan, wata yarinya da ta yi wata biyu tana kawo uzuri ita ce ta fito tsakiya tana ba da waƙa, zanenta ɗaure kan wando, ƙafa ba takalmi, sauran na amsawa suna tsalle, sai da na busa usur sau uku kafin su tsaya. Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba fa, binciken da hukumar lafiya ta duniya OMS ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na yara 'yan lakkwal masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun isasshen motsi, mata kashi 85 maza 78, alhali abin da hukumar ke so shi ne awa guda kowace rana. Awa biyun da muke da su a sati ba za su cika wannan ba, shi ya sa zubar da su a layi yake min ciwo.

Rana kuma. Duk wanda ya sa maka EPS ƙarfe sha ɗaya ko sha biyu a watan Afrilu da Mayu a Tawa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya riga ya kashe maka darasi, har da haɗari a ciki. Ka je wurin mai tsara jadawali tun farkon shekara da ladabi, ka roƙi awannin farko na safe ko na yamma liƙis, malaman lissafi za su ce su ma safe suke so, ka ce musu su suna da rufi kai ba ka da. Ruwa dole, bido biyu a inuwa ko randa, kowa ya sha kafin a fara da tsakiya, ba sai ya roƙa ba. Yaro ya ce jiri yake ji ko kanshi na sarawa ko ka ga ya rikice yana magana ba kan gado, inuwa nan take, a jiƙa mishi jiki a yi fifita, in bai dawo daidai ba a yi likita da shi. Lokacin hunturu ƙura na tada ma masu fuka ciwo, ka san su tun farko, haka masu amosanin jini, su zafi da ƙishirwa da gudu mai tsanani na iya kwantar da su, su yi daidai ƙarfinsu su huta lokacin da suke so. Ka tuna kuma da yawa ko koko ba su sha ba sunka fito. Azumi in ya faɗo cikin karatu sai a sassauta, miƙe jiki, koyon dokokin wasa, alƙalanci, har dara nake kawowa a yi gasa a inuwa.

Abu guda da nike roƙonka ka bari in kana yi: horo da gudu. Yaro ya makara, zagaya fili sau biyar, ya yi surutu, tsallen kwaɗo. Kai da kake so ya so gudu kai ne kuma ke nuna mishi gudu azaba ce. Surbeyan ma ka roƙe shi ya daina turo maka masu laifi ka gudanar da su.

Sai not. In ka ce wanda ya fi gudu shi ke da 18 na baya 6, tun satin farko kowa ya san matsayinshi, na baya ba ya da dalilin wahalar da kanshi. Ni yadda nake yi da gudun juriya: da'ira ta mita 200, gwangwani kowane mita 25, a yi biyu-biyu, 42 na gudu 42 na kirga musu da tsakuwa, minti shida, wanda ya gaji ya yi tafiya amma kar ya tsaya, sai a canza. Ba na farko ba na ƙarshe don kowa na cikin da'ira, ba wanda ya san wa ya zagaye wa. A rubuta a kaye. Bayan sati huɗu a sake, wanda ya yi gwangwani 30 da ya koma 36 ya samu not mai kyau ko da gwanin kilas na yin 50. Rabin not na ci gaban da ka yi, sauran na zuwa da taimakon gungu da iyawar kanta. In sun tsaya kuma ka koya musu jin bugun zuciya, yatsa biyu a wuya ko a wuyan hannu, a kirga sakan 15 a ninka huɗu, kafin gudu da bayan gudu da bayan hutun minti biyu, za ka sha mamakin yadda suke son wanga abu, har gardama suke wa zuciyarshi ta fi saurin komawa daidai, malamin siyans ma zai gode maka. 'Yan turwaziyam su kam dole ka nuna musu ma'aunin jarrabawa na gaskiya don akwai gwajin wasanni a BEPC, amma su ma in sun taso tun siziyam da wanga tsari ba sa jin tsoron ranan.

Kar ka ce za ka juya duka kilas ɗinka lokaci guda, za ka gaji ka watsar. Ɗauki siziyam ɗin nan mai 84, raba gungun a daren nan, gobe ka gaya musu kowane gungu ya zo da balon tsumma biyu da gwangwani huɗu da ledar toka. In kana cikin gari ran Asabar da safe kuma ka biyo ta gidana, ina da tsohon tub biyu da wata igiya da ba na amfani da su, ka ɗauka.